Talabijin mai lanƙwasa da falon Bahaushe

Duk wanda ya ratsa layin masu sayar da kayan kallo a Sabon Garin Kano, ko takwarorinsu na Kaduna da Sakkwato, da wuya ya fito bai yi ido biyu da ita ba. A gaba-gaba ake ajiye ta, kan teburin da ya fi kowanne tsafta, gefunanta biyu sun ɗan tanƙwaro kamar mai shirin rungumar wanda ya tsaya a gabanta. Ana sakar mata hotunan tsaunuka da furanni da kifayen teku, launinsu har ya fi na gaske ƙyalli, sai mutum ya tsaya ya saki baki. Talabijin mai lanƙwasa ke nan, wadda ta shiga jerin abubuwan da saurayi mai shirin aure ke kwana da su a rai, ta kuma shiga bakin mata a wurin ganin ɗaki, inda akan auna ƙoƙarin ango da gatan amarya da abin da ido ya gani a falo.

Na zauna da irinta wata takwas a gidana. Yayana ne aka yi wa sauyin wurin aiki zuwa Kudu, ya ga jigilarta a mota kasada ce, ya ce in riƙe masa, in kuma riƙa kunna ta don kada ta ruɓe a kwali. Mai inci 55 ce, mai hawa intanet, mai irin hoton nan da ake kira 4K. Ta yi hunturu da mu, ta yi azumi, ta ga kakar ƙwallon Turai har ƙarshenta. Hukuncin da na yanke mata bayan wannan zama shi ne, kyakkyawa ce, kuma tana cika alkawarinta ga mutum ɗaya da ya zauna a wuri ɗaya. Falon Bahaushe kuwa ba a taɓa yin sa don mutum ɗaya ba.

Abin dariya a tarihin akwatin talabijin shi ne mun daɗe da sanin lanƙwasa, sai dai wancan karon waje ta yi. Tsofaffin akwatunan nan masu doro, waɗanda muka kalli NTA Kaduna da CTV Kano a cikinsu, gilashinsu turo ciki yake yi kamar tulu. Masana'antu suka shafe shekaru suna fafutukar miƙar da shi, har suka kai ga shafaffiyar nan ta bango da muke kira filasma ko da ba filasma ba ce. Ana gama murnar an miƙar, sai a watan Janairun 2013, a bajekolin kayan lantarki da ake yi duk shekara a Las Vegas ta Amurka, kamfanonin LG da Samsung na Koriya ta Kudu suka fito da sabuwar lanƙwasa, wannan karon zuwa ciki. Ta LG mai inci 55 ta shiga kasuwar Amurka a wannan shekarar a kan kusan dala 15,000.

Hujjar masu ƙirar tana da daɗin ji. Suka ce idan allo shafaffe ne, tsakiyarsa ya fi gefunansa kusa da idon mai kallo, don haka gefen hoto kan ɗan tauye. Idan kuwa aka lanƙwasa shi, kowane sashe zai kasance nisa ɗaya da ido, hoto ya kewaye mutum har ya ji kamar a ciki yake. Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1952 aka buɗe silimar Cinerama a birnin New York, da wani makeken allo mai zurfin lanƙwasa wanda sai injin haska fim uku suka taru suke cika shi, yana zagaye 'yan kallo da digiri 146. A can maganar gaskiya ce, domin allon ya fi ƙarfin ido, sai mutum ya juya wuya kafin ya ga gefe.

Matsalar tana zuwa ne idan aka ɗauko dabarar katafaren zaure aka tura ta cikin abin da bai fi tsawon hannu biyu ba. Mai karatu ya yi haƙuri da ni mu yi ɗan lissafi, don nan ne gizo ke saƙa. A jikin kwalin irin waɗannan akwatuna sau da yawa za ka ga an rubuta 4200R. Ma'anarsa ita ce da za a ci gaba da zana lanƙwasar har ta zagayo ta haɗe, za a sami da'irar da daga tsakiyarta zuwa bakinta mita 4.2 ne. Allo mai inci 55 faɗinsa kimanin santimita 122 ne, kuma idan ka gitta zare daga wannan gefe zuwa wancan, ratar da ke tsakanin zaren da tsakiyar allon ba ta kai santimita 5 ba. Duk lanƙwasar da ake kururutawa ba ta wuce faɗin yatsu uku ba.

Kafin kuma alkawarin nan na daidaituwar nisa ya cika sosai, sai ka zauna a tsakiyar waccan da'irar, wato mita 4.2 daga allon. Daga wannan nisa allon ba ya cin ko digiri 20 na abin da idonka ke gani, ballantana ya kewaye ka. Ga kuma wata sabuwa. Hoton 4K ɗigon haske ne 3,840 a kwance da 2,160 a tsaye, sama da miliyan 8 ke nan, kuma ƙanƙantarsu ta sa lafiyayyen ido ba ya iya bambance su da hoton da bai kai su ba muddin ya wuce kamar mita biyu daga allo mai wannan girma. To ka ji. Lanƙwasar tana cewa ka ja da baya, kyan hoton yana cewa ka matso, kuma kuɗin duka biyun ka biya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Amma lissafi bai dame ni kamar abin da na gani da idona a kan mutanen gidana ba. Yadda muke kallo kowa ya san shi. Maigida yana kan doguwar kujera da ke fuskantar talabijin, ko shi da baƙonsa. Uwargida tana kujerar gefe, rabin hankalinta na kan tukunya. Yara suna baje a kan kafet, wasu rub da ciki, haɓa a tafin hannu. Matar ƙane da ke jin kunyar shiga tsakiya takan rakuɓe daga bakin ƙofa. Ranar babban wasa ko ranar da ake saka shiri mai dogon zango irin su Daɗin Kowa ko Labarina, 'ya'yan maƙwabta ma sukan cika gurbin da ya rage, wani a jikin bango, wani ta taga. A cikin mutum goma sha biyu, biyu ne kawai ke daidai saitin allon, kuma su ne waɗanda dama can suka fi kowa samun wurin zama mai daɗi.

Lanƙwasasshen allo yana ƙara wa waɗannan biyun, ya rage wa sauran goman. Wanda ya zauna a gefen dama, ɓangaren allon da ke kusa da shi ya juya masa ƙeya ya tsuke, na nesa kuma ya buɗe ya fuskance shi, sai hoton ya zama kamar an ja shi ta kunne ɗaya. Wanda ke ƙasa kuma wata ƙaddarar ce tasa: duk layin da ya kamata ya miƙe a kwance, kamar rubutun da ke gudana a ƙasan labarai ko layin gefen filin ƙwallo, sai ya gan shi ya yi baka. Yawancin allunan wannan aji kuma launinsu kan koɗe idan an kalle su a karkace, baƙi ya koma toka-toka, ja ya yi fari-fari. Wannan koɗewar shafaffu ma suna yin ta, sai dai a nan ba ta tafiya bai ɗaya. Rabin fuskar mai magana da launi, rabi babu.

Mahaifiyarmu ta zo ta yi mana azumi, kuma ita ba ta hawa kujera. Dardumarta tana nan gefen ƙofa inda iska ke shigowa, carbi a hannu, daga nan take sauraren tafsiri da labaran dare. Kwana uku ta yi tana ɗaga kai tana sunkuyarwa, tana goge tabarau da gefen mayafi, a na huɗu ta ce da ni, "Kai ɗan nan, idona ne ko kuwa abin naku ne a murɗe?" Na ce, "Hajiya, idonki lafiya lau, ƙirarta ce haka, sai an zauna a tsakiya." Ta ce, "To ai sai ku zauna." Ba ta ƙara magana a kai ba, ta koma sauraro kamar rediyo. Na sa yara suka juya teburin ya fuskanci dardumarta, sai ya zama kowa a falon ya koma ɗan gefe, ita kaɗai ce a saiti. Haka muka ƙarasa watan, kuma ban ga wata mafita da ta fi wannan ba.

Wannan ne ya sa nake ganin kowane kayan aiki yana zuwa da hoton mai amfani da shi a zuciyar wanda ya ƙera shi. Wanda ya zana wannan allo yana hango mutum ɗaya ne, ko mata da miji, a kan kujera ɗaya, a ɗaki mai labule mai kauri, sun rage fitila. Ba laifinsa ba ne, rayuwar da ya sani ke nan. Mu kuwa talabijin ita ce kusan abu na ƙarshe da ya rage muna kallo tare. Wayar hannu ta riga ta raba gida, kowa ya sunkuya a kan tasa, uba a WhatsApp, 'ya a TikTok. Idan akwatin da ke tara mu shi ma ya zo da zaɓaɓɓen wurin zama guda ɗaya, to an shigo da ɗabi'ar waya cikin falo.

Sai maganar haske. Duk wanda ya taɓa duba fuskarsa a cikin cokali ya san abin da lanƙwasasshen abu mai sheƙi ke yi wa hoto. Shafaffen allo idan ya kama hasken taga, zai nuna maka shi daidai girmansa a kusurwa ɗaya, ka ɗan gusa ka rabu da shi. Mai lanƙwasa jan sa yake yi ya shimfiɗa shi a faɗin allon. Ƙwan fitila ɗaya da ke bayan kujera sai ya zama doguwar sanda ta haske. A ƙasar da rana ke fitowa da ƙarfinta kusan kullum, kuma zafi ba ya barin a rufe ƙofa da taga, kallon rana ya zama sai an zaɓa tsakanin iska da hoto. Mu dai iska muka riƙa zaɓa.

Kada a ce na ci amanar ajiya, bari in faɗi alherinta. Akwai dare, bayan gida ya yi tsit, na jawo kujera na zauna kamar taku uku daga gabanta, na kashe fitila, na kunna wani shiri kan namun dajin Serengeti na Tanzaniya da aka ɗauka da kyamarar da ta dace da ita. Wallahi abin ya yi kyau. Gashin wuyan zaki ɗaya-ɗaya, ƙurar da garke ya tayar kamar ta shigo hanci, duhun dare baƙi ƙirin. Akwai ɗan zurfi da ido ke ji wanda ba zan musa ba, ko da yake zuciyata ta fi ba ni cewa kaso mafi yawa na daɗin daga ingancin allon ne da girmansa, lanƙwasar 'yar rakiya ce. Ko a kashe take tana ƙawata ɗaki. Baƙo bai taɓa shigowa ya fita bai tanka ta ba.

Ɓangaren intanet ɗin ma ya yi mana rana, kuma shi ba ruwansa da lanƙwasa, shafaffu ma suna da shi. Karatun malaman da suka riga mu gidan gaskiya, wanda da sai an bi masu kaset, yanzu yana nan a YouTube, ka nemo ka saka wa tsohuwa. Finafinan Kannywood masu dogon zango da yawansu can suka koma. Bidiyon bikin da aka turo a waya sai a tura shi kan babban allo kowa ya gani, a yi ta nuna wance da wance. Sai dai kowane ɗayan waɗannan da data yake tafiya, kuma babban allo babban ciki gare shi. Netflix da kansa ya ce kallon 4K na iya cin gigabait 7 a awa ɗaya. Fim ɗaya ke nan zai lashe abin da wani magidanci ke saye ya yi wata yana lallaɓawa. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne a rage ingancin hoton don data ta kai, sai a wayi gari an sayi doki ana tafiya a ƙasa.

Tashoshinmu na gida da ake kamawa ta dish ko eriya kuwa, da yawansu har yanzu a tsohon ma'auni suke watsa shiri, ɗigo 720 a kwance da 576 a tsaye. Idan ka lissafa, allon 4K ya ninka wannan sau ashirin. Dole na'urar da ke ciki ta ƙirƙiro ɗigo goma sha tara daga kowane guda ɗaya don ta cike gurbi, kuma komai ƙwarewarta ƙirƙira ce. Fuskar mai karanta labarai sai ta fito kamar an shafe ta da man kaɗanya. Tsohuwar akwatin mai doro ta fi rufa wa irin wannan hoto asiri.

Akwai abubuwa biyu game da wayon waɗannan akwatuna da mai shago ba zai faɗa maka ba, wataƙila shi ma bai sani ba. Na farko, kwamfutar da ke cikinsu tana riga allon tsufa. Allo zai iya shekara goma yana haske, amma manhajojin da ke ciki sai kamfani ya ci gaba da sabunta su, kuma ba ya yi har abada. A watan Disambar 2019 Netflix ya daina aiki a kan wasu talabijin ɗin Samsung ƙirar 2010 da 2011, alhali lafiyarsu ƙalau. Wanda zai sayi ta hannu, irin waɗanda ake saukewa a Legas a rarraba zuwa Arewa, ya fara tambayar shekarar ƙirarta kafin kuɗinta. Na biyu, kana kallonta tana kallonka. A 2017 hukumar kare masu sayayya ta Amurka da jihar New Jersey sun sa kamfanin Vizio biyan dala miliyan 2.2 saboda tattara bayanan abin da mutane ke kallo a talabijin miliyan 11 ba da saninsu ba. Yawancin na zamani suna da irin wannan tsari, ana iya kashe shi a cikin saituna, amma wa ke karanta dogon Turancin da ke fitowa ranar da aka fara kunnawa? Danna "na yarda" ake yi a wuce.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma su ake rayuwa da su kullum. Siririn jiki ba ya ba da wurin lasifika, don haka muryarta ba ta iya ja da ƙarar janareta da fankar sama. Sai an ƙara kuɗi an sayo mata wata. Idan aka ɗauke wuta aka tayar da inji, ba ta dawowa nan take kamar ta da, sai ta farfaɗo ta nemo intanet, kafin nan an ci ƙwallon. Wutar da take ja ta kai wat 100 ko fiye, abin da mai sola da batir ɗaya zai ji a jikinsa kafin sha ɗayan dare. A bango ba ta kwanciya, gefunanta sukan tsaya cirko-cirko, ƙurar hunturu ta sami maɓoya a baya. A kan teburi kuma tana daidai tsayin yaro mai koyon jifa. Idan allon ya tsage, zance ya ƙare: ko na shafaffiya kuɗin canjinsa kan kusa kuɗin sabuwa, ballantana wanda sai an nemo mai irin lanƙwasarsa daidai.

Kasuwannin da aka yi ta dominsu ma ba su riƙe ta ba. LG, wanda yana cikin waɗanda suka fara, ya fito da jerin talabijin ɗinsa na 2017 duk shafaffu. Samsung ya fi kowa daɗewa a kanta, shi ma sannu a hankali ya mayar da ita gefe. Inda lanƙwasa ta sami gida shi ne allon kwamfuta, kuma dalilin a bayyane yake. Mai aiki a tebur shi kaɗai ne, a tsakiya yake, nisansa da allon bai wuce tsawon hannu ba. Shi ya sa a can aka ƙara mata zurfi har zuwa 1000R, da'irar mita ɗaya, kuma masu zane da masu wasannin kwamfuta suna yabawa. Dabarar ta koma inda mutum ɗaya yake zama. Ragowar na falo kuma, sababbi da na hannu, su ne ke gangarowa kasuwanni irin namu, inda har yanzu ake sayar da su da sunan sabon yayi.

Kwanan baya ɗan ƙanwata, wanda aka sa ranar aurensa bayan Babbar Salla, ya same ni da maganar. Ya ɗauki adashe, kuma mai lanƙwasa yake so, don a cewarsa ita ce za ta nuna an shigo gidan ɗan boko. Na tambaye shi faɗin falon da ya kama haya, ya ce taku biyar ne da kaɗan. Na tambaye shi su wa za su riƙa kallo. Ya yi dariya ya ce, "Kawu, ai ka san gidan amarya, ƙannena da ƙannenta ba za su bar mu ba." Na ce to ya lissafa su, ya zana inda kowa zai zauna, sannan ya duba bambancin kuɗin da ke tsakaninta da shafaffiya mai girma ɗaya, ya ga ko bai isa ya sayi sitabilaiza mai kyau ba, wadda ita ce za ta tsare masa dukiyar ranar da aka kawo wuta da hauka. Ban hana shi ba, kuɗinsa ne, aurensa ne.

Abin da na roƙe shi kawai shi ne idan ya je shago kada ya tsaya inda mai shago zai tsayar da shi. Hotunan furanni da kifayen nan an shirya su ne musamman don su fito da ƙarfin allon, kuma ba su za a kalla a gida ba. Ya ce a cire su a saka masa Arewa24 ko NTA ta dikoda. Ya sa a buɗe ƙofar shagon haske ya shigo ta bayansa. Ya taka zuwa gefen dama har inda kujerar uwargida za ta kasance, ya dawo hagu inda baƙuwa za ta rakuɓe. Sannan ya tattare rigarsa ya tsuguna a ƙasa, daidai tsayin mahaifiyarsa idan tana kan darduma, ya karanta rubutun da ke wucewa a ƙasan labarai.